Hollywood Da Cinikin Annabi Isa (AS) Da Mashaya Jini: Kasuwa Ɗaya, Rumfa Biyu

 

'Yan'uwa, akwai wasu irin finafinai guda biyu da Turawan Yamma suka shafe sama da shekaru 100 suna yi suna sake yi, ba su gaji ba, kuma har gobe ba za su gaji ba. Na farko su ne finafinan da ke da'awar ba da tarihin Annabi Isa (AS) da farkon Kiristanci. Na biyu su ne finafinan ban tsoro na mataccen nan mai tashi daga akwatin gawa cikin dare yana shan jinin mutane, wanda aka fi sani da Dirakula. Wanda ya kalle su a sama-sama zai ce ina ruwan biri da gada, wannan addini ne, wancan kuwa tatsuniya. To, amma wanda ya bi sawun masu yin su zai tarar rumfa biyu ce a kasuwa ɗaya, mai kayan ɗaya ne, kuma abin da yake aunawa a mudu shi ne imanin mutane da tsoronsu. A rumfa ta farko an canza wa Annabin Allah fuska. A ta biyu an wanke wani azzalumin sarki an mai da shi gwarzo. Matashin da ya zauna gaban talabijin ko wayarsa yana haɗiyar duka biyun yana zaton nishaɗi kawai yake yi.

Bari mu fara da rumfa ta farko. Annabi Isa ɗan Maryam (AS) mutumin Falasɗinu ne, ya tashi a Nazarat cikin yankin Galili, harshen mutanen wurin a lokacin shi ne Aramiyanci, ɗan'uwan Larabci da Ibrananci. To, su wa Hollywood da 'yan'uwanta suka ɗora wa wannan suna mai tsarki? A fim ɗin King of Kings na 1961 sun ɗauko Jeffrey Hunter, Ba'amurke mai shuɗin ido. A The Greatest Story Ever Told na 1965 sun ɗauko Max von Sydow, mutumin Suwidin, can ƙurewar arewacin Turai, aka kuma ɗauki fim ɗin a duwatsun jihohin Utah da Arizona na Amurka a matsayin wai ƙasa mai tsarki. A Jesus of Nazareth na 1977, wanda Franco Zeffirelli ya shirya, sun ɗauko Robert Powell, Bature ɗan Ingila, shi ma mai shuɗin ido. Wannan ba kuskure ba ne da aka yi sau ɗaya aka gyara. Al'ada ce da aka ɗore a kanta shekara da shekaru, har ta kai yaron da ke Afirka ko Asiya in an ambaci Annabi Isa sai ya ga Bature a zuciyarsa. Alhali Kiristanci ya kafu a Masar da Habasha tun kafin ya isa Suwidin da ɗaruruwan shekaru: Sarki Ezana na Aksum ya karɓe shi tun a ƙarni na 4. Mene ne ribar mai mulkin mallaka da ta wuce a ce wanda ya mallaka ya riƙa ganin kamannin ubangidansa a fuskar Annabi?

Kada wani ya ce ai dole ne a nuna fuska in ana son fim ya yi armashi. Su da kansu sun ƙaryata wannan. A Ben-Hur na 1959, fim ɗin da ya lashe lambobin Oscar 11, ba a nuna fuskar Annabi Isa ko sau ɗaya ba. Haka ma a The Robe na 1953. Hukumar tace finafinai ta Birtaniya ma, lokacin da ta fara aiki a 1913, ɗaya daga cikin dokokinta na farko ita ce hana kwaikwayon Almasihu a fim, bayan ce-ce-ku-cen da ya biyo bayan fim ɗin From the Manger to the Cross na 1912. Ke nan su ma akwai lokacin da suke da wannan kunyar. Moustapha Akkad kuma ya shirya The Message a 1976, ya ba da tarihin farkon Musulunci, har da tsayuwar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib gaban Najjashi yana bayani a kan Annabi Isa da mahaifiyarsa, ba tare da ya nuna Manzon Allah (S) ko ya jiyar da muryarsa ba. Ashe ana iyawa. Abin da ya kawar da kunyar shi ne kuɗin tikiti.

Dubi yadda Cecil B. DeMille ya buɗe The King of Kings na 1927. Fim ne na rayuwar Annabi, amma abin da aka fara nuna wa 'yan kallo shi ne Maryamu Magadaliya cikin shigar karuwai, a gidan shagali, tana da keken da jakunan dawa ke ja. DeMille ya gano sirrin kasuwar tun da wuri: ka sayar da sha'awa a farko, ka rufe da wa'azi a ƙarshe, sai ka sami kuɗin fasiƙi da na mai ibada a aljihu ɗaya. Daga nan abin ya yi ta gaba har 1988, lokacin da Martin Scorsese ya fito da The Last Temptation of Christ, wanda aka ɗauko daga littafin Nikos Kazantzakis, inda aka nuna wanda suka kira Almasihu a matsayin mutum mai ruɗani da shakka, har da wani wahami da aka nuna shi yana saduwa da mace. Subhanallah! Kiristoci da yawa a Amurka da Turai sun fito sun yi zanga-zanga, ƙasashe da dama suka hana nuna shi. A Faris wasu sun cinna wa silimar Saint-Michel wuta a watan Oktoba na shekarar, mutane suka jikkata, wannan kuwa ɓarna ce da ba mai hankalin da zai yaba. Amma ɓacin ran Kiristan da ya ga an wulaƙanta wanda yake girmamawa, ya kamata Musulmi ya fi kowa fahimtarsa, domin mu imaninmu ba ya cika sai mun yi imani da Annabi Isa, kuma akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan mahaifiyarsa.

A 2004 Mel Gibson ya zo da The Passion of the Christ, ya sa 'yan wasa suna magana da Aramiyanci da Latinanci don a ce ga tarihi tsantsa, ya ɗauke shi a garin Matera na Italiya. Mene ne a ciki? Awa biyu na bulala da tsagar nama da kwararar jini, ta yadda wasu masu sharhin finafinai suka ce ya fi kama da fim ɗin ban tsoro. An kashe kimanin dala miliyan 30, aka kwashi sama da dala miliyan 600. Mu a aƙidarmu, kamar yadda aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta bayyana, ba a kashe Annabi Isa ba kuma ba a gicciye shi ba. Kirista yana da tasa aƙidar, kuma wannan saɓani ne da aka daɗe ana tattaunawa a tsakanin malamai da hujja da ladabi. Amma ɗan kasuwar fim ba shiga wannan tattaunawa ya zo yi ba. Shi ya ga jini yana kawo kuɗi ne. Wannan shi ya kai mu rumfa ta biyu.

A 1897 wani marubuci ɗan Ayalan mai suna Bram Stoker ya wallafa littafin Dracula. Labarin wani basarake ne daga Taransilbaniya, cikin ƙasar Romaniya ta yau, wanda ya sayi gida a Landan, ya taho ta jirgin ruwa da akwatuna 50 cike da ƙasar garinsu, don ya riƙa shan jinin matan Ingila yana mai da su irinsa. Duba da kyau ɗan'uwa. A daidai lokacin da Ingila ke mamaye ƙasashen mutane tana kwashe arzikinsu, shekaru 6 kacal kafin sojojinta su ci Kano da Sakkwato a 1903, abin da ke ba Baturen Landan tsoro shi ne kada wani baƙo daga gabas ya shigo masa gida ya sha masa jini. Mai abin kunya shi ke tsoron a yi masa irin abin da yake yi wa wasu.

A 1922 Bajamushe F.W. Murnau ya mai da labarin fim da sunan Nosferatu ba tare da izini ba, ya canza sunan dodon zuwa Orlok, wanda ke shigowa gari da ɓeraye da annoba. Matar Stoker ta kai ƙara, kotu ta yanke a 1925 cewa a lalata duk kwafin fim ɗin, amma wasu suka tsira. A wannan fim ne aka ƙirƙiro cewa hasken rana na kashe mashayin jini. A littafin Stoker dodon na yawo da rana abinsa. A 1931, ana tsakiyar karayar tattalin arzikin Amurka, kamfanin Universal ya fito da Dracula tare da Bela Lugosi ɗan ƙasar Hangari, ya sami ciniki sosai, har da rana ana ɗaukar na Ingilishi, da dare ana ɗaukar na Sifaniyanci a dandali ɗaya. A 1958 kamfanin Hammer na Ingila ya sake shi mai launi tare da Christopher Lee da Peter Cushing, don a ga jan jini sosai a leɓe da wuyan mata.

To, ina addini ya shigo? A yawancin irin waɗannan finafinai makamin yaƙi da dodon shi ne gicciye, da ruwan da limamin coci ya yi wa addu'a, da gurasar jibin coci, a haɗa da tafarnuwa da turken itace. Wasu 'yan'uwa na cewa wannan wa'azin Kiristanci ne aka ɓoye. Ni ina ganin abin ya fi haka muni, kuma Kirista mai kishin addininsa shi ya kamata ya fara kuka. A ƙarshen fim ɗin Hammer na 1958, Peter Cushing ya fizge labule rana ta shigo, sannan ya ɗauki mazaunin kyandir guda biyu ya gitta su, nan take dodon ya zama toka. Babu addu'a, babu tuba, babu tsoron Allah. Ƙarfe biyu kawai aka gitta. Wato an mai da alamar addini laya, an jera ta sahu ɗaya da tafarnuwa. Darasin da matashi ke ɗauka a nan shi ne addini wani kayan tsibbu ne da ake zarowa in aljani ya taso, in ya tafi a mayar aljihu. Dodon kuwa shi ne mai kyan tufafi, mai gidan sarauta, mai daɗin baki, wanda mata ke narkewa a hannunsa, wanda ba ya mutuwa. Wa yaro zai so ya zama, tsohon likita mai tafarnuwa ko basaraken? An ƙawata shan jini, abin da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta haramta, an ƙawata dawwama a duniya, alhali da kwaɗayin dawwama ne Iblis ya yaudari babanmu Adamu.

In kana shakkar cewa kasuwar ɗaya ce, to ƙirga da ni. Kamfanin Universal da ya yi Dracula a 1931 shi ne ya rarraba The Last Temptation of Christ a 1988. Willem Dafoe da ya fito a matsayin Almasihu a wannan fim shi ne ya fito a matsayin mashayin jini a Shadow of the Vampire na 2000, ya kuma dawo a matsayin mai farautar dodon a sabon Nosferatu na 2024. Max von Sydow, Almasihun 1965, shi ne limamin cocin da ke fitar da aljani a The Exorcist na 1973, kuma shi ne Shaiɗan a Needful Things na 1993. Gary Oldman ya yi Dirakula a 1992, ya yi Bilatus a wani fim ɗin talabijin mai suna Jesus a 1999. A fim ɗin Dracula 2000 kuwa sai suka haɗe rumfunan biyu kowa ya huta: suka ce wai Dirakula shi ne Yahuza Iskariyoti, almajirin da Linjilar Kiristoci ta ce ya ci amanar Almasihu, wai shi ya sa yake ƙin azurfa da gicciye. A wurinsu Annabi da dodo da Shaiɗan duk riguna ne a rataye a ɗaki ɗaya, wanda aka biya ya saka.

Sai babbar ƙaryar, wadda ta shafi tarihin Musulmi kai tsaye. Sunan Dirakula ba Stoker ne ya ƙirƙiro shi ba. Sunan wani sarki ne na gaske, Vlad na Uku, mai mulkin Walakiya a ƙarni na 15. Ubansa ɗan wata ƙungiyar mayaƙa ce da Sarki Sigismund na Hangari ya kafa a 1408, daga alamar dodon ƙungiyar ne laƙabin ya samo asali. Shi Vlad tarihi ya san shi da laƙabin Mai Tsire Mutane, domin hukuncinsa shi ne a soke mutum da dogon itace a kafe shi har ya mutu. Bai bar Musulmi ba, bai bar Kirista ba: ya tsire sarakunan ƙasarsa, ya tsire Jamusawan Taransilbaniya 'yan kasuwa. A wasiƙar da ya aika wa Sarki Matthias Corvinus na Hangari a watan Fabrairun 1462, shi da kansa ya yi alfaharin kashe Turkawa da Bulgariyawa 23,884 a gaɓar kogin Danube, maza da mata, manya da yara. A shekarar ne Sarki Muhammad al-Fatih na Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wanda ya ci Kustantiniyya a 1453, ya fito yaƙarsa, da rundunarsa ta isa birnin Targobishte ta tarar da fili cike da gawarwakin da aka tsire. Ƙanen Vlad ma, Radu, yana ɓangaren Turkawa, kuma Sarkin Hangari, Kirista ɗan'uwansa, shi ya kama Vlad ya tsare shi sama da shekaru 10.

Yanzu dubi abin da fim ya yi da wannan tarihi. Francis Ford Coppola ya buɗe nasa Dracula na 1992 da shekarar 1462, Vlad na fita kare coci daga Turkawa, Turkawa suka harbo wasiƙar ƙarya cewa ya mutu, matarsa ta kashe kanta, shi kuma don baƙin ciki ya soki gicciye ya sha jinin da ya fito. Wato laifin zamansa dodo ma a wuyan Musulmi aka rataya shi. A 2014 Universal ɗin nan dai ta fito da Dracula Untold, inda Vlad ya zama uba mai tausayi da ya sayar da ransa don ceton ɗansa, Muhammad al-Fatih ya zama mugun fim, har Vlad ya kashe shi a ƙarshe. Ƙarya tsagwaronta. Vlad ne ya riga mutuwa, an kashe shi fiye da shekaru 4 kafin rasuwar Sarki Muhammad a 1481. Ba muna cewa sarakunan Usmaniyya ma'asumai ba ne, sarakuna ne masu yaƙin faɗaɗa daula, suna da nasu laifukan. Amma a ɗauki mutumin da ya ƙirga gawa 23,884 da alƙalaminsa a mai da shi abin tausayi, wannan ba fasaha ba ce, ha'inci ne.

Akwai kuma tarkon da wasu 'yan'uwanmu ke faɗawa da ƙafarsu. In fim ya zo da abin da ya soki Kiristanci sai su yi murna su ɗauka hujja. Misali The Da Vinci Code na 2006, wanda aka ɗauko daga littafin Dan Brown, ya yaɗa cewa a taron Nikiya na shekarar 325, ƙarƙashin Sarki Kustantin, aka zaɓi littattafan Baibul, aka kuma fara ɗaukaka Almasihu zuwa allantaka. Masana tarihi sun tabbatar taron bai zaɓi littattafan Baibul ba. Abin da aka yi jayayya a kai shi ne koyarwar wani limami daga Iskandariyya mai suna Arius game da matsayin Almasihu, kuma aƙidar allantakar ta riga ta yaɗu a cikin Kiristoci kafin taron. Duk ɗan'uwan da ya ɗauki maganar fim ya je muƙabala da Kirista mai karatu, zai dawo da kunya, ya kuma jawo wa gaskiyar da yake ɗauke da ita raini. Maƙaryaci ba ya zama mai gaskiya don yau ƙaryarsa ta yi maka daɗi. Wanda ya yi wa Muhammad al-Fatih ƙage shi ne ya yi wa tarihin coci ƙage, kuma Musulmi ba ya kare tauhidi da ƙarya.

Wani abin lura kuma, wannan tatsuniya ta mashayin jini camfin Turai ce da ta taɓa jawo ɓarna ta gaske. A ƙarni na 18 a ƙauyukan Sabiya mutane sun riƙa tone kaburbura suna soke gawarwaki da turke suna ƙonawa, har sai da Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya ta sa likitanta Gerard van Swieten ya bincika a 1755, aka hana. A Amurka ma, a jihar Rhode Island a 1892, an tone gawar wata yarinya aka ƙone zuciyarta saboda danginta na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, alhali tarin fuka ne ke kashe su. Su sun mai da nasu camfin haja suna sayar mana. Mu kuma a nan har yanzu ana nuna tsohuwa marar gata a ce mayya ce ta kama kurwar yaro, a yi mata duka ko a kore ta, yaron kuwa zazzaɓin cizon sauro ne ke cinsa. Al'ummar da ke fama da wannan ciwo ba ta buƙatar a ƙara shigo mata da tsoron matattu daga waje.

Saboda haka ɗan'uwa, rigimarmu ba da maƙwabcinmu Kirista ba ce, shi ma an ci kasuwa da abin da yake girmamawa. Masu wa'azinsu ma da suka yi fim ɗin Jesus na 1979 suka fassara shi zuwa harsuna sama da 2,000, har da Hausa, ba su ɓoye manufarsu ba, kowa ya san abin da suka zo da shi, ya karɓa ko ya ƙi. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ya ce maka wasa ne kawai, alhali yana rubuta maka tarihi a ƙwaƙwalwa. In fim ya ambaci shekara, ka nemi littafi ka duba. In ya nuna maka fuskar Annabi, ka kawar da kai, ka kuma gaya wa ƙannenka cewa wannan ɗan wasa ne da aka biya. Tarihin Annabi Isa (AS) ka je ka zauna gaban malami ya karantar da kai Suratu Ali Imrana da Suratu Maryam, tarihin dauloli kuma ka karanta shi daga masanansa, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, ka auna da hankalin da Allah ya ba ka.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta, ya nuna mana ƙarya ya ba mu ikon guje mata.